Japonizim: Sawun Fasahar Japan a Zanen Turai da Suturar Zamani

Tasirin da fasahar Japan ta yi wa masu zane na Turai a rabi na biyu na ƙarni na 19 batu ne da masana tarihin fasaha suka daɗe suna bitarsa, kuma ya sami suna tun yana kan ganiyarsa, domin a shekarar 1872 wani Bafaranshe mai sharhin zane-zane, Philippe Burty, ya kira shi Japonizim, yana nufin ɗokin kayan Japan da kwaikwayon salonsu da ya mamaye birnin Faris a lokacin. Abin da bai sami irin wannan kulawa ba shi ne hanyar da tasirin ya bi ya sauko daga bangon da ake rataye hotuna ya shiga shagon tela, har ya kai ga sauya yadda ake yanka yadi da yadda tufa take zama a jikin mace. Wanda ya bi sawun wannan hanya zai tarar da aro iri biyu da suka yi tafiya tare amma nauyinsu ba ɗaya ba: akwai aron ado, wato ɗebo furanni da tsuntsaye da igiyar teku a ɗora su a kan rigar da asalin ɗinkinta na Turai ne, akwai kuma aron tsari, wato karɓar tunanin da ya haifi zanen da suturar. Na farko ya fi saurin yaɗuwa, kuma har yau shi ya fi kawo ciniki. Na biyu ya ɗauki kusan shekara arba'in kafin ya kama ƙasa, amma shi ne ya sauya sana'ar ɗinki tun daga tushe.

Tun daga shekarun 1630 gwamnatin soja ta gidan Tokugawa ta taƙaita hulɗar Japan da ƙasashen waje ƙwarai, ta yadda a cikin Turawa 'yan kasuwar Holan kaɗai aka bari su ci gaba da ciniki, su ma a kan wani ɗan tsibiri ginin hannu mai suna Dejima da ke tashar Nagasaki. Ko ta wannan ƙaramar kafa suturar Japan ta isa Turai, domin mahukuntan ƙasar sukan yi wa jami'an kamfanin Holan kyautar riguna masu kauri na alharini, waɗanda attajirai da masana na Holan suka mayar rigunan zaman gida, har teloli suka shiga ɗinka irinsu. Mutanen da ke cikin hotuna biyu na Johannes Vermeer, na masanin taurari na 1668 da na masanin taswira na 1669, irin wannan riga ce a jikinsu. Ƙofar ba ta buɗe sosai ba sai bayan da jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka tsaya a mashigin tekun Edo, wato Tokiyo ta yau, a 1853, aka sa hannu a yarjejeniyar Kanagawa a 1854, sannan a 1858 aka ƙulla yarjejeniyoyin ciniki da Amurka da Holan da Rasha da Birtaniya da Faransa bisa sharuɗɗan da suka fi amfanar baƙin. Bai kamata a manta da wannan ba, domin ƙaunar da Turai ta nuna wa kayan Japan ta shigo ne ta ƙofar da barazanar igwa ta buɗe.

Yadi ne a tsakiyar cinikin tun kafin a yi maganar hotuna. A daidai lokacin da tashar Yokohama ta buɗe wa jiragen waje a 1859, wata annoba tana kashe tsutsar alharini a Faransa da Italiya, masaƙun birnin Liyon kuma, waɗanda manyan gidajen ɗinki na Faris suka dogara da su, suna fama da ƙarancin zare. Saboda haka ɗanyen alharini da ƙwan tsutsarsa suka zama kan gaba a cikin abin da Japan ke fitarwa. Ilimi kuma ya bi hanyar ya nufi gabas: a 1872 gwamnatin Meiji, wadda ta karɓi mulki a 1868, ta buɗe masana'antar zaren alharini ta Tomioka da injunan Faransa ƙarƙashin kulawar wani Bafaranshe, Paul Brunat, a wannan shekara kuma hukumar Kiyoto ta tura masaƙa daga unguwar Nishijin zuwa Liyon don su koyo aiki da injin saƙa na Jacquard, wanda ke fitar da adon yadi ta hanyar katuna masu huji. Duk bayanin da ya nuna Japan tamkar tsohuwar taska mai zaman jiran Turawa su zo su ɗiba ya tauye gaskiya, domin ƙasa ce da ta san abin da take sayarwa, ta kuma san abin da take son saye.

Jama'ar Turai sun ga kayan ne a manyan bukukuwan baje koli na duniya: a Landan a 1862, inda aka nuna abin da Rutherford Alcock, wakilin Birtaniya a Japan, ya tara, a Faris a 1867, inda Japan ta aiko da kayanta da kanta, sannan a Biyana a 1873 da Faris a 1878. An ga tangaran da mafitai da kayan katako masu shafen ƙyalli, amma abin da ya girgiza masu zane shi ne ukiyo-e, wato hotunan duniya mai shawagi, waɗanda ke nuna 'yan wasan kwaikwayo da kyawawan matan birni da gadoji da tsaunuka. Hotunan bugu ne, kuma aikin hannu huɗu ne: mai wallafa ya sa kuɗi, mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a kan allunan icen ceri, allo guda ga kowane launi, sannan mai bugu ya shafa launi ya ɗora takardar ɓawon icen tut ya murza ta da wani faifai na hannu, yana bin 'yan alamomin da aka yanka a gefen allo don kada launi ya kauce wa layi. A Edo kayan talakawa ne da kuɗinsu bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. Su ma ba su tsira daga tasirin waje ba, domin shuɗin da Katsushika Hokusai ya yi amfani da shi a hoton babbar igiyar teku ta Kanagawa, a farkon shekarun 1830, launi ne da aka fara haɗawa a Balin, kuma shi da Utagawa Hiroshige duka sun san dabarar Turawa ta nuna nisa.

Don a gane abin da ya ba masu zanen Faris mamaki, sai an tuna abin da makarantunsu suka daɗe suna koyarwa, wato cewa hoto taga ce: layuka su taru a wani ɗigo mai nisa, haske da inuwa su ba jiki kauri, muhimmin abu kuma ya zauna a tsakiya. Hoton lambun fulam na Kameido da Hiroshige ya fitar a 1857 ya taka duk waɗannan ƙa'idoji. Wani baƙin kututture ya ratsa gaban hoton a karkace, gefen takarda ya datse shi sama da ƙasa, masu yawon lambun sun zama 'yan mitsi-mitsi a can bayan shinge, sama kuma ja ce da ta sirka zuwa fari, ƙasa kore, ba inuwa ko ɗaya. A 1887 Vincent van Gogh ya kwafi wannan hoto da fenti, ya ƙara wa launukan zafi, ya kewaye shi da haruffan Japan da ya ɗebo daga wasu hotuna ba tare da ya iya karanta su ba. A wannan aiki guda aron biyu suna zaune kusa da juna: haruffan gefe ado ne kawai, amma shimfiɗaɗɗen launi da baƙin layin da ke kewaye siffa sun zauna a hannunsa har ƙarshen rayuwarsa. Edgar Degas ya koyi datse mutum a gefen hoto da kallon fage daga sama. Mary Cassatt, bayan ta ga ɗaruruwan hotunan Japan a wani baje koli a Faris a 1890, ta buga jerin hotuna goma na mata a cikin harkokinsu na gida. Henri de Toulouse-Lautrec kuma ya kai salon kan bangon titi da fastocinsa, tun daga ta gidan rawa na Moulin Rouge a 1891. Ta haka idon talakan Faris ya saba da siffa marar kauri, da tsarin da ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi, da filin da aka bari babu komai da gangan.

Rigar Japan, wato kimono, ita kanta ta fara shiga hotunan Turai ne a matsayin kayan ƙawa. James McNeill Whistler da James Tissot sun sa wa matan da suke zanawa ita tun a shekarun 1860, sau da yawa a sake, ba ɗamara, a yanayin da ke karkata zuwa ga sha'awa. Misali mafi shahara shi ne hoton da Claude Monet ya yi wa matarsa Camille a 1876, tana sanye da jar riga mai nauyin surfani wadda aka ɗinka wa jarumi mai zare takobi, bango cike da mafitai, kanta kuma da gashin aro mai ruwan zinariya don kada a yi shakkar cewa Baturiya ce. Hoton ya sami kasuwa, amma Monet da kansa ya raina shi daga baya, kuma yana da hujja: abin da ya koya da gaske daga hotunan Japan fiye da 200 da ya tara yana cikin hotunan tafkin gidansa na Giverny, inda babu layin da ya raba sama da ƙasa, babu tsakiya, sai ruwa da ganye har gefen allo.

Teloli sun fara daga inda hoton Camille ya tsaya. A shekarun 1870 an riƙa farke rigunan Japan da aka shigo da su, a sake yanka ƙyallayen a ɗinka rigunan mata na yayin Turai, masu matsattsen ƙugu da tudu a baya, ta yadda adon da mai rini ya tsara ya gangaro daga kafaɗa zuwa ƙafa sai ya tsinke a wurare da dama. Masaƙun Liyon sun shiga saƙa alharini mai furen kiku da gora da mazari da igiyar ruwa, gidan Charles Frederick Worth kuma, wanda shi ne jagoran ɗinkin alfarma a Faris, ya yi amfani da irinsu a shekarun 1890, har a wasu rigunan aka ga adon ya taru a gefe guda maimakon ya maimaitu daidai a ko'ina, abin da ke nuna darasin masu zane ya fara ratsowa. Wata hanya mai muhimmanci ita ce katagami, takardun rini na Japan: takarda ce da ake liƙa falle-falle da ruwan ɗanyen 'ya'yan kaki, a yanke mata ado da wuƙa, a ɗora ta a kan yadi a shafa kunun shinkafa ta cikin hujin, inda kunun ya taɓa sai baba ya ƙi kamawa. An sayar da dubbansu ga Turai, gidajen tarihi na Biyana da Diresdin suna riƙe da su har yau, kuma masu tsara yadi da takardar bango sun sha daga gare su. Siegfried Bing, ɗan kasuwar da ya buga mujallar Le Japon artistique daga 1888 zuwa 1891 cikin Faransanci da Ingilishi da Jamusanci don amfanin masu sana'a, shi ne ya buɗe shago a 1895 wanda sunansa ya zama sunan salon Art Nouveau mai lanƙwasassun layukan tsirrai. A Landan kuma Arthur Liberty ya buɗe kantinsa a 1875 da kayan Japan da sauran ƙasashen Gabas, a 1884 ya ƙara sashen ɗinki mai yin riguna sakakku.

A cikin gida ne aka fara yarda da siffar rigar ba tare da an farke ta ba, domin macen da ba za ta fita titi ba sai da koset, wato matsattsiyar rigar ciki mai sanduna wadda ake ɗaure ta da igiya ta baya, tana iya sakewa a ɗakinta. 'Yan kasuwar Japan, irin su Takashimaya na Kiyoto, sun gane haka, suka shiga ɗinka riguna musamman don Turawa, suna ƙara ƙyalle a gefe don ƙasan ya buɗe kamar siket, suna musanya faffaɗar ɗamara da igiya mai tuntu. Dandalin wasa ya ƙara wa wutar mai: wasan The Mikado a Landan a 1885, littafin Pierre Loti na 1887 game da auren wucin gadi a Nagasaki, 'yar wasa Sadayakko da ta ja hankalin Faris a baje kolin 1900 har aka riƙa sayar da riguna da sunanta, da wasan waƙe na Giacomo Puccini, Madama Butterfly, a 1904. Wannan ɓangare na tarihin yana da illa da ba ta gushe ba, domin ya ɗaure rigar da siffar mace mai rauni, mai haƙurin jiran baƙon da ya yaudare ta, kuma wannan siffa ta ci gaba da bin rigar zuwa dandalin nunin tufafi har ƙarni na 21.

Aron tsari ba ya fahimtuwa sai an dubi yadda ake yin kimono. Ana ɗinka ta ne daga bandir guda mai faɗin kusan santimita 36 zuwa 38 da tsawon kusan mita 12, a yanka shi gida takwas, duka miƙaƙƙu: biyu na jiki, biyu na hannu, biyu na ƙarin gaba, da biyu na wuya. Ba a yanke rarar yadi a yar, ana naɗe ta ne a cikin ɗinki. Idan rigar ta yi datti a farke ta, a wanke ƙyallayen, a shanya su a miƙe, a sake haɗawa, ko a mayar da ita ta wani mai jiki daban. Mace takan naɗe rarar tsawo a ƙugu ta ɗaure da obi, faffaɗar ɗamara, ta ja wuyan rigar baya kaɗan don ƙeya ta fito. Nauyin rigar yana kan kafaɗa, idan an cire ta kuma tana ninkuwa ta kwanta shimfiɗe. Ɗinkin Turai kishiyar wannan ne, domin tela yana yanka yadi a lanƙwashe, yana tsuke shi a ƙirji da ƙugu, yana dasa hannu a ramin da aka auna, har rigar ta zama kwafin jiki, ko ma jiki ya zama kwafin rigar idan koset ya matse shi. Mai karatu da ya san babbar riga ta gargajiya, wadda ake haɗa ta daga siraran ƙyallayen saƙar hannu miƙaƙƙu, ta sauko daga kafaɗa ta bar iska tsakaninta da jiki, ya riga ya san tunanin da ya zama baƙo ga telolin Faris: faɗin abin saƙa ne ke tsara rigar, mai sawa kuma shi ke ba ta siffa da tafiyarsa da yadda ya naɗa ta.

Paul Poiret, wanda ya yi aiki a gidan Worth kafin ya buɗe nasa a 1903, yana cikin na farko da suka fitar da wannan tunani titi, da manyan riguna na sama da aka yanka daga miƙaƙƙen ƙyalle, hannunsu haɗe da jiki, gabansu ɗaya a kan ɗaya. Ya sa wa ɗaya daga cikinsu sunan Confucius, malamin Sin, abin da ke nuna yadda Turai ke cuɗa ƙasashen Gabas wuri guda ba tare da damuwa da bambancinsu ba. Ya yi alfaharin cewa shi ya raba mata da koset, ko da yake siket ɗin da ya yayata a wajen 1910 ya matse idon sawu har tafiya ta zama da ƙyar. Wadda ta fi shi zurfi ita ce Madeleine Vionnet, wadda ta buɗe gidanta a 1912, ta kuma tara hotunan ukiyo-e. Takan gwada ƙyalle a jikin 'yar tsanar katako kafin ta je ga cikakken girma, kuma rigunanta na farkon shekarun 1920 da dama haɗin murabba'ai ne da suka rataya daga kafaɗa. Daga nan ta inganta yankan karkace, wato yanka yadi a tsakanin zaren tsaye da na kwance, inda yake da ɗan miƙewa, ta yadda rigar za ta bi jiki da nauyin kanta ba tare da tsuki ko maɓalli ba. Wannan dabara tata ce, ba ta Japan ba, amma tambayar da ta haife ta, wato me miƙaƙƙen ƙyalle zai yi idan aka bar shi ya faɗi da kansa, tambaya ce da kimono ta ajiye a gaban teloli. Rigar shekarun 1920, madaidaiciya daga kafaɗa zuwa gwiwa, ta mayar da gaban mace fili shimfiɗaɗɗe da za a iya tsara wa ado daga gefe zuwa gefe, kuma a nan ne darasin Hiroshige da darasin mai ɗinkin kimono suka haɗu a tufa guda.

Adalci ya buƙaci kada a jingina komai ga Japan. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fitar da mata aiki, wasannin motsa jiki sun yaɗu, likitoci da masu neman 'yancin mata sun daɗe suna sukar koset, suturar tsohuwar Girka ta ba Vionnet da Mariano Fortuny misali na tufa mai zubowa, ƙungiyar rawa ta Ballets Russes kuma ta kawo launukan Farisa da Asiya ta Tsakiya tun daga 1909. Abin da kimono ta bayar shi ne hujja a aikace cewa sutura marar matsi tana iya zama ta alfarma, da kuma tsarin yanka da za a iya farkewa a nazarta. Haka ya kamata a karanta aikin Cristóbal Balenciaga na shekarun 1950, wanda masana ke danganta wuyan rigunansa da ya ja baya daga ƙeya, da bayansu mai kumburi kamar ƙwai, da salon sa kimono, alhali kuma tufafin limaman Sifen da na masuntan ƙasarsa suna nan a cikin aikin.

A duk tsawon wannan lokaci Japan tana tafiya ne zuwa ɗaya ɓangaren. A 1872 aka mayar da kayan Turai suturar bukukuwan fada ga jami'an gwamnati, a 1886 sarauniya ta fara fitowa da rigar Turai, bayan 1945 kuma makarantun koyon ɗinkin Turai suka cika da 'yan mata, kimono ta koma tufar biki. Saboda haka 'yan Japan da suka isa Faris a rabi na biyu na ƙarni na 20 sun ƙware a ɗinkin Turai kafin su waiwayi nasu. Hanae Mori ta nuna kayanta a New York a 1965, a 1977 kuma ta zama mace ta farko daga Asiya da ƙungiyar manyan gidajen ɗinki ta Faris ta karɓa; ta ɗauki malam-buɗe-littafi, wato butterfly, a matsayin tambarinta, wato ta karɓe alamar da Puccini ya jingina wa rauni ta sa mata ƙarfi. Kenzo Takada ya buɗe shago a Faris a 1970 da riguna masu faɗin hannu, marasa tsuki, masu haɗa furanni da ratsi. Issey Miyake, wanda ya yi aiki a gidajen Guy Laroche da Givenchy kafin ya kafa nasa a Tokiyo a 1970, ya gina aikinsa a kan tunanin ƙyalle guda da kuma ma, wato tazarar da ke tsakanin jiki da tufa, kuma bai taɓa ɓoye girmamawarsa ga Vionnet ba. A kayansa na Pleats Please, da suka fito a 1993, ana ɗinka rigar da girma fiye da kima, a sa ta tsakanin takardu biyu, a matse ta da zafi har tattarar ta zauna daram. A A-POC kuma, wanda ya fara da Dai Fujiwara a ƙarshen shekarun 1990, inji ne ke saƙa doguwar tufa kamar bututu da layukan yanka a jikinta, mai saye ya yanke tsawon da yake so.

Girgiza mafi girma ta zo a 1981, lokacin da Rei Kawakubo ta gidan Comme des Garçons da Yohji Yamamoto suka fara nuna kayansu a Faris. A zamanin da yayi ke son faffaɗar kafaɗa da ƙyalli da matsi, sai suka fito da baƙaƙen tufafi masu yalwa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bakinsu ba kalmasa, wasu da huji da gangan. Wasu 'yan jaridar Turai sun yi musu ba'a, har suka danganta kayan da Hiroshima, magana marar tausayi da ta nuna ƙarancin fahimta. Babu fure ko gauraka ko igiyar teku a cikin waɗannan tufafi, amma rashin daidaiton ɓangarori da barin fili da girmama yadin da ya tsufa duk suna ciki, kuma masu sharhi sun tuna boro, tufafin manoman arewacin Japan da ake yi wa faci a kan faci da ƙyallayen baba. Kawakubo da Yamamoto sun sha ƙin a taƙaita su da sunan ƙasarsu, kuma suna da gaskiya, domin ba al'ada suke kwafa ba, gardama suke yi da ɗinkin Turai daga cikinsa. Matasan Beljiyam irin su Martin Margiela da Ann Demeulemeester sun ɗora daga nan, kuma yawancin yalwatattun tufafin da ke cika kantuna a yau jikokin wannan gardama ne, ko da masu sa su ba su taɓa jin sunayen ba.

Aron ado bai mutu ba. Yves Saint Laurent ya fitar da rigunan dare masu siffar kimono a 1994, John Galliano kuma ya gina nunin Dior na bazarar 2007 a kan labarin Madama Butterfly, da yadi mai ninki irin na takarda da igiyar Hokusai a gindin wata riga. Gwaninta ce ta gaske, amma Japan ɗin da ke cikinta ta Puccini ce. Igiyar tana kan rigunan auduga a kowace nahiya, tana kuma bayan sabuwar takardar yen 1,000 da aka fitar a 2024. Doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba da telolin Kano da Legas ke ɗinka wa mata da atamfa ko yadi mai sauƙi, suna kiranta kimono, ta iso ne ta wannan doguwar hanya ta Faris da kantunan duniya, kuma abin da ya rage mata na asali shi ne miƙaƙƙen yanka da faɗin hannu.

Tambayar wa ke da hakki a kan wannan gado ta taso da ƙarfi a 2015, lokacin da gidan adana zane-zane na Boston ya gayyaci baƙi su sa kwafin jar rigar Camille su ɗauki hoto a gaban aikin Monet. Masu zanga-zanga, akasarinsu Amurkawa 'yan asalin Asiya, sun ce ana farfaɗo da tsohon kallon raini, wasu matan Japan kuma suka zo sanye da kimono don goyon bayan shirin, gidan ya dakatar da sawa ya bar taɓawa. A 2019 Kim Kardashian ta sa wa kamfaninta na matsattsun kayan ciki suna Kimono ta nemi rajistar sunan, magajin garin Kiyoto ya rubuta mata wasiƙa, ta sauya sunan zuwa Skims. Batutuwan biyu ba ɗaya ba ne: na farko saɓani ne tsakanin waɗanda suka ɗanɗani wariya a ƙasar baƙi da waɗanda ke ganin sa rigar a matsayin talla ga sana'ar da ke neman masu saye, na biyu kuwa yunƙuri ne na mallake sunan tufar al'umma don sayar da abin da ya saɓa wa duk tsarinta. Masaƙa da marina na Kiyoto, waɗanda cinikin kimono ya ragu a hannunsu shekara da shekaru, sun daɗe suna neman kasuwar waje; Christian Dior ya yi amfani da yadin masaƙar Tatsumura tun a shekarun 1950. A Nishijin, tsohon gidan saƙa na Hosoo ya ƙera abin saƙa mai faɗin santimita 150 a 2010, domin yadin ɗamara mai faɗin santimita talatin da 'yan kai ba ya biyan buƙatar masu tsara sutura da masu ƙawata kantunan alfarma na Turai, kuma da wannan faɗi ne gidan yake sayar da saƙar da aka ƙirƙira don obi ga masu ɗinkin da ba su taɓa yanka kimono ba.